Ɗurin Barewa

Ɗazu da safe ina zaune a kan mashin a bakin tashar Ƙaraye ina jiran fasinja, mai shayi ya ƙyasta ashana zai kunna risho, iska ta kwaso warin ta watso min a hanci. Ka san warin nan na kan ashana, wanda kafin ka gama jin sa ya wuce? To shi. Wallahi sai na ji kamar an tsame ni daga tashar an dire ni a ƙofar ɗakin kakana, ina tsugune da gajeren wando, shi kuma yana ɗura bindiga. Wata mata ta zo tana tambayata ko zan kai ta Rogo, sai da ta maimaita, ta haɗa da bubbuga tankin mashin, kafin na dawo hayyacina. Na sa hannu a aljihu na laluba 'yar dalmar da nake yawo da ita. Tana nan. Kullum tana nan.

Garinmu ɗan ƙauye ne a ƙasar Rogo, in ka saki titi ka nufi wajen Fulatan. Gidanmu irin na da ne, kowa da sashensa, amma ɗakin kakana shi kaɗai yake can ƙurya kusa da rumbuna, saboda albarushi. Ba a shiga masa da garwashi, ba a shiga da fitilar ƙwai. Mu jikoki Tsoho muke ce masa. Ni kuma aboki yake ce min, wai don ina neman ƙwace masa mata. Kakarmu Iya in ta zuba min tuwo ta ɗora min tsoka a kai, sai ya leƙo ya ce, "Kun gani ko? Ni na harbo, ango ya cinye." Iya ta ce, "To wa zai zauna da tsoho mai warin toka, ga saurayi?"

Maharbi ne tun tasowarsa, haka ma ubansa. Bindigarsa adaka ce, irin wadda ake ɗurawa ta baki, doguwa, a lokacin ta fi ni tsayi. Itacen gindinta ya yi baƙi ya yi santsi saboda hannu. Kuma shi bai yarda da abin da wani ya haɗa ba, komai da kansa yake yi. Da an gama girbi, dawa ta shiga rumbu, ciyawar daji ta fara yin ja, sai ka ga ya fito da fatar akuya ya shimfiɗa a rana, ya baza albarushi a kai ya sha iska. Aikina a nan korar kaji ne, da tare duk matar da ta ɗebo wuta a kasko za ta gifta. Dalma kuwa ta tsohon batirin mota ce, ranar kasuwar Ƙaraye yake samo ta. A bayan gida yake narka ta a gwangwani, nesa da ɗakinsa, ya tsiyaya a 'yan ramukan da ya danna da yatsa a yumɓu ya bari suka bushe. In ta huce sai murza. Ya sa ta tsakanin duwatsu masu faɗi ya yi ta murzawa, yana ɗagawa yana dubawa a rana, yana ɗora ta a tafin hannu ya ga ko za ta gangara ba ɗingishi.

Harsashin zabo da makwarwa bai ɗauke shi a bakin komai ba, tsaki-tsakin dalma ne kamar tsabar dawa, ya watsa kawai. Na barewa shi ne aiki. Ƙwaya ɗaya ce, in ka kuskure shi ke nan, kafin ka sake ɗuri ta kai wata ƙasar.

Yana da ɗan tsinin ƙahon barewa, bai fi yatsa ba, a rataye jikin burgaminsa, jakar fatar da yake shiga daji da ita. Ubansa ne ya yanka ƙahon daidai cikin wannan bindigar, don kowace bindiga da abin da cikinta ke ɗauka. Ya cika shi da albarushi, ya shafe bakin da babban yatsa, ya juye, ya bubbuga gindin bindigar a ƙasa a hankali. Ya tura audugar rimi ya bi ta da sandar ɗuri. Ya naɗe dalmar a ɗan tsumman da ya shafa wa man shanu, ya tura, ya sake bi da sanda, yana dannawa yana karkata kai, don shi da kunne yake gane ta zauna. Sai ya jera yatsu a jikin abin da ya rage na sandar a waje, ya ga ko ɗurin ya kai yadda yake so. A ƙarshe ya soke gashin zabo a bakin bindigar, alamar akwai ɗuri a ciki, kada wani ya zo ya ƙara wani a kai. Kan ashana kuwa, wanda yake kankarewa ya cusa a ɗan bututun da kunamar bindigar ke sara, wannan sai an shiga daji. Shi ne warin da ya kama ni ɗazu.

Amma duk wannan a wurinsa bai kai niyya ba. Kafin ya juye ƙahon nan sai ya yi bisimilla ya ambaci abin da ya ɗura dominsa, a fili, kamar mai yanka. In ya ce barewa, to barewa ce. Ko zabi sun cika masa gaba ba zai saki ɗurin nan a kansu ba. Ba zai harba shi sama ranar biki ba, ba zai harbi mahaukacin kare da shi ba. Na taɓa tambayarsa dalili, ya ce, "Ranar da ka ɗura don wani abu ka harbi wani, daga ranar hannunka ya daina tambaya. Duk abin da ya gifta sai ya harba." Ban gane ba a lokacin. Na ɗauka taurin kan tsofaffi ne kawai.

Ni kuwa tun ina yaro ba na iya zama. A aji, benci ji nake kamar an shimfiɗa min ƙaya. Malam na juya baya zai yi rubutu a allo, ni na bi ta taga. Baba ya yi duka har ya gaji, Inna ta yi kuka, an yi min rubutu na sha, duk a banza. Amma in Tsoho ya zauna ɗuri, zan tsuguna tun hantsi har azahar ko ƙuda ban kora ba. Shi ya fara lura. Wata rana Baba ya biyo ni da tsumagiya har ƙofar ɗakinsa, Tsoho ya ɗaga hannu ya ce, "Bar min shi. Yaron nan ya iya zama, wurin zamansa ne ba ku sani ba."

Ranin shekarar da zan gama firamare ya ce in wanke hannu in zo. Ya miƙo min dalma da duwatsun nan. Na murza na kai masa, ya ɗora a tafin hannu, ta karkace ta tsaya. "Aboki, harsashi na ce ka yi min ko gurjiya?" Na koma. Sai da hannuna ya yi ja, inuwar rumbu ta juya, kafin ya gyaɗa kai. Ni na cika ƙahon, ni na shafe bakinsa, ni na danna sanda, hannunsa a kan nawa. Ya ce, "Faɗi." Na ce, "Bisimillahi, barewa." Ya soke gashin zabo ya ce, "To wannan ɗurin naka ne, ba mai sakinsa sai kai. Ranar da ka kayar da barewa da shi, bindiga taka, burgami naka, Iya ma na bar maka." Iya daga bakin murhu ta ce, "Da kuwa na huta."

Ka gane ko, kafin ranar nan ba a taɓa nuna wani abu an ce nawa ba ne. A makaranta ni ne daƙiƙi, a gida ni ne marar ji. Ga shi yau akwai abu a cikin bindiga yana jirana, da sunana a kai. Abin da ya rage kawai barewa.

Muka yi ta fita a ranin nan, daga an sallame asuba mun kama hanya. Yana tafe yana nuna min da sanda: nan kurmi ne, ko da rana sai ka ji sanyi, nan bareyi suke saukowa lasar kanwa, nan ubansa ya taɓa kayar da wadda ƙahonta ke jikin burgami. Ni kuma duk inda ya nuna kututture nake gani, da kunyoyin masara, da tulin ƙasa yana hayaƙi inda masu gawayi suka binne itace. Akwai safiyar da zabin daji suka tashi a gabanmu, fuuu, na ɗaga bindiga ban ma sani ba, ya sa tafin hannu ya danne bakinta ƙasa. Muka dawo gida hannu wofi, Iya ta kaɗa miyar kuka ba nama, tana cewa manyan maharba sun dawo, a ba su hanya.

Sau ɗaya na ga barewa.

Bazara ce, zafin nan da ke sa ka ji kamar ƙasa na numfashi, ruwa bai sauka ba tukuna. Akwai wata fadama da ɗan ruwa ya rage a gindinta, muka laɓe a bayan sabara tun rana ba ta fito ba. Ƙafata ta yi tsami, tururuwa na bin wuyana, ban motsa ba. Sai kawai ga ta, ban ma ga ta inda ta fito ba. Ja-ja, cikinta fari, ƙafafu kamar tsinke, kunnuwa suna juyawa ko'ina. Wallahi ban taɓa ganin abu mai tsabta irinta ba. Bindigar ta fi ƙarfina, sai Tsoho ya durƙusa a gabana ya ɗora bakinta a kafaɗarsa. Ina jin warin ashanar da ya cusa. Ya ce da ni can ƙasa-ƙasa, "Jira ta ba ka kafaɗa." Ta sha ruwa, ta ɗaga kai, ta fara juyowa. A hankali, a hankali.

Sai hon. Wani mai mashin ne ya ɗauko buhunan gawayi ta 'yar hanyar da ke bin gefen fadamar, ya zo kwana ya danna hon, ba don komai ba, sabo ne kawai. Tsalle ɗaya na gani, sai sabara tana kaɗawa. Mai mashin ya iso ya gan mu a durƙushe, ya rage gudu ya ce, "Baba, sannunku da hutawa!" Tsoho ya amsa masa, har da tambayarsa mutan gida da ya aiki. Da ya wuce ya sauke bindigar daga kafaɗa, ya share kan ashanar, ya mai da gashin zabo. Ya ce, "Za ta dawo. Ruwa na nan."

Mun koma, mun sake komawa, har ruwan ya ƙafe. Shekara ta zagayo muka tarar an shinge fadamar an dasa rake, injin ban ruwa na ta ƙara tun safe.

Daga nan ɗurin ya zauna. Kowace damina Tsoho ya toshe ɗan bututun nan da kakin zuma, ya naɗe bindigar a fata, ya rataye ta inda ba ta taɓa bango. Da rani ya kwance. In kyankyaso ya cinye gashin zabo ya soka sabo. Ni kuma na shiga ƙaramar sakandare ban kai ko'ina ba na watsar, na tafi Kano. Na yi dako, na yi wankin mota, na zauna shagon guga, ba inda na daɗe. In muna kwance a baranda da sauran yara ana cika baki, kowa na faɗin abin da yake da shi a garinsu, ni sai in ce ni maharbi ne, bindigata na jirana da ɗuri a ciki. Su yi ta dariya, wai ga mai farautar ɓeraye. Ban damu ba, ni na san abin da na bari. Duk sanda na zo gida ɗakinsa nake fara shiga. A lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani, sai dai ya ji takuna ya ce, "Aboki ne? Ɗurinka na nan." Daga baya na dawo gaba ɗaya, wani ya ba ni mashin nake acaɓa tsakanin Ƙaraye da Rogo.

Bara waccan aka fara satar shanu a rugagen da ke kewaye da mu, har aka tare wani magidanci a gonarsa da rana tsaka aka kore masa shanun huɗa. Mai unguwa ya tara mutane ya ce a kafa sintiri, duk gidan da ke da bindiga ya fito da ita. Yayana, babbanmu, shi ke riƙe da gonar gida tun da ƙarfin Baba ya ja baya. Ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakin Tsoho, ina zaune a gefe, suka gaisa har suka gama.

"Tsoho, bindigar nan muke so."

"Da ɗuri a ciki."

"To a sake shi sama mana, mu sa sabo."

"Ɗurin barewa ne. Kuma ba nawa ba ne, na aboki ne."

Yaya ya juyo ya kalle ni sama da ƙasa. "Barewa? Tsoho, don Allah fa. Rabon da a ga barewa a ƙasar nan tun wannan bai san wanke wandonsa ba. Ina da shanun huɗa a turke, ina da yara a ɗaki. Da gora zan tare ɓarawo?"

Tsoho ya murza gemu. Ya san Yaya na da gaskiya, ni ma na sani. Can ya ce a ba mu zuwa Juma'a.

Muka shiga neman barewa. Muka naɗe bindigar a tabarma, don kada a gan mu da ita a hanya a ɗauka mu ne ake nema. Na ɗora Tsoho a bayan mashin, hannuwansa a kafaɗata, ba shi da nauyi ko kaɗan, kamar na ɗauko dami na kara. Shi ke nuna hanya duk da ba ya gani. "In ka wuce kukar nan ka yi dama." Babu kuka. "Za ka ga tsamiya biyu sun haɗa kai, sai ka gangara." Babu tsamiya, wani shagon cajin waya ne na langa-langa a wurin. Da farko ina faɗa masa, daga baya na daina. In ya ce dama sai in yi dama. Mun bi ta Rogo Ruma, mun tambayi manoma, mun tambayi masu gawayi, wasu su yi dariya, wasu su ce Allah ya ba da sa'a. Wani saurayi ya zaro waya zai nuna min hoton barewa, wai ko wannan muke nufi.

Ranar Alhamis ya ce in kai shi wurin wani tsohon Bafillace, amininsa tun suna samari, a wata ruga bayan Fulatan. Suka riƙe hannun juna suna gaisawa kamar ba za su gama ba, gida, iyali, shanu, jiki, ido, har sauro sai da suka tambaya. Aka kawo mana nono a ƙwarya. Da Tsoho ya faɗi abin da ya kawo mu, dattijon ya yi dariya har yana tari. "Kai har yanzu ba ka tuba ba, makaho da farauta? Mu da shanu ma mun rasa inda za mu tsaya, bare ita da ba ta da mai kora mata." Sannan ya ce ɗansa na kai harawa wani gida a Ƙaraye, gidan wani Alhaji, kuma ya ce masa akwai barewa guda a can.

Ni ban so zuwa ba. Tsoho ya ce mu je.

Mai gadin gidan mutumin kirki ne, da ya ga tsoho ya tashi ya ba shi kujerarsa. "Baba, kallo kuka zo? Ku shiga mana, ranar sallah ma yara cika gidan suke." Ya kai mu bayan gida inda raguna suke. Ga ta nan a tsakiyarsu, an ɗaure ta da shuɗiyar igiyar leda a jikin ƙarfe, kanta a cikin bahon dusa. Ta yi ƙiba. Kofatonta sun yi tsawo sun lanƙwashe sama kamar tsohon takalmi, don ba ta da inda za ta yi gudu su goge, ƙasan duk siminti ne. Na kama hannun Tsoho na kai shi. Ko gezau ba ta yi ba, sai ma ta ɗago ta hau lasar tafin hannunsa. Ya shafa ƙahonta, ya shafa wuyanta inda igiya ta cinye gashi. Ya gangaro da hannu bayan kafaɗarta, daidai inda ya koya min in saita, ya bar hannun a nan ya daɗe. Sannan ya durƙusa da ƙyar ya laluba kofaton.

Na sunkuya na ce masa a kunne, "Tsoho, in roƙi mai gidan ya sayar min, ko me zan yi in biya. Mu kai ta fadama mu kwance ta."

"Mu kwance ta ta je ina? Bin ka za ta yi tana neman dusa." Ya dafa ni ya miƙe. "Wannan akuya ce, aboki, wuƙa ake sa mata. Kai ni gida."

Har muka isa bai ƙara ce min in yi dama ko hagu ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya ce in ɗauko bindigar in raka shi bayan gida, wurin wani babban suri. Yaya ya biyo mu, yara suka biyo Yaya, Iya ma ta fito ta tsaya a bakin danga. Tsoho da kansa ya zare gashin zabo, ya ƙwaƙule kakin zuma, ya kankare kan ashana da farce ya cusa, duk da lalube. Ya miƙo min ya ce, "Naka ne. Saki." Na ce, "A suri?" Ya ce, "A suri." Mutumin da ya hana ni zabo, ya hana a harba sama, yau shi ke ce min in harbi gidan gara. Na kau da kai.

Yanzu bindigar ba ta fi ƙarfina ba. Na ɗora ta a kafaɗa, yara suka toshe kunnuwa, na ja kunama.

Ƙas.

Ɗan hayaƙin ashana kawai, da warinsa. Tsoho ya ce a jira, aka jira, ya sake cusa wani. Na sake ja. Ƙas. Yaya ya fara dariya, ya dubi fuskar Tsoho, ya haɗiye ta. Aka bar ta a jingine har aka tabbata ba za ta tashi ba, sannan Yaya ya samo waya mai ƙarfi ya lanƙwasa bakinta ya shiga zaƙulowa. Tsumman ya fito a ruɓe. Dalmar ta faɗo a ƙasa, ta yi fari-fari. Sai albarushin, ya dunƙule kamar tokar da ruwa ya daka ta bushe, da ƙyar yake ɓantarowa. Tsoho ya tara hannu aka zuba masa, ya murza, ya kai hanci ya shinshina. Ya ce, "Ashe gawa muke ta naɗewa a fata."

Ya sa aka tsinto dalmar ya danƙa min.

A nan take Yaya ya zaro albarushin kasuwa a ƙullin leda, ya huda da haƙori zai juye. Tsoho ya ji ƙarar ledar, ya lalubo ɗan ƙahon nan daga burgami ya miƙa masa. Yaya ya juya shi a hannu ya ce, "Tsoho, wannan ya yi kaɗan. Mutum ba barewa ba ne." Ya zuba da ido, ya bi da boris ɗin keke da guntayen ƙusa, ya danna. Na kasa kunne ko zai ambaci wani abu kafin ya juye. To me zai ambata? Tsoho ya tsaya da hannunsa a miƙe har Iya ta zo ta kama shi ta kai shi ɗaki. Daga ranar bai sake tambayar bindigar ba. In na shiga gaishe shi sai dai ya ce, "Aboki ne? Ya hanya?" Shi ke nan. Kafin daminar ta fita Allah ya karɓi abinsa.

Ba na ganin laifin Yaya, shanunsa na nan a turke har yau. Na ji an ce bindigar ta tashi ba sau ɗaya ba tun daga lokacin, ban tambayi a kan me ba, ba na son sani. Ƙahon kuma yaransa ke wasa da shi a tsakar gida, suna awon ƙasa suna sayar wa juna. Na tambayi ƙaramin ko ya san na mene ne, ya ce na akuya.

Abin da ke cin raina shi ne ban san yaushe ɗurin ya mutu ba. Wace damina ce? Lokacin da nake kwance a baranda a Kano ina cika baki, akwai wuta a cikinsa ko tun tuni laka ce a bututu? Abokan karatuna wasu suna sakatariya da biro a aljihu, wasu sun yi shago, wasu sun bi mota zuwa kudu. Ni na bar benci saboda na ɗauka ina da wurin zama a wani wuri, na zo na tarar wurin gonar rake ne. Wani masunci a bakin dam ya taɓa ganin dalmar a hannuna ya ce in ba shi ya ɗaura a bakin kalli, ragarsa ta kamun kifi, ta yi daidai. Na hana shi. Ya ce to me zan yi da ita? Na mai da ita aljihu.

Matar nan ta ɗazu dai na ɗauke ta, kuma can ciki za ta, ta 'yar hanyar da ke bin gefen fadamar. Kusan kullum sai na bi ta nan, wani lokacin da buhunan gawayi a baya. In na zo kwanar sai in ga hannuna ya rage wutar mashin da kansa, kuma ba na danna hon, ko da kuwa ba na ganin abin da ke gaba. Ta ce, "Malam, mai ne ya ƙare?" Na ce a'a, Hajiya. Na ɗan leƙa gefen da sabarar take a da. Rake ne tsaye har inda ido ya tsaya, injin na ta ƙara. Ta ce to don Allah in yi sauri, ana jiranta. Na murza wuta muka wuce.